Zanen Duwatsun Birnin Kudu

Zanen duwatsun Birnin Kudu hotunan dabbobi ne, galibinsu shanu, da mutanen dā suka yi a jikin duwatsun da ke kewaye da garin, a kudancin Jihar Jigawa. Wuraren da suka fi suna su ne Dutsen Habude, Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Masu zanen sun zaɓi lungunan da wani dutse ya yi wa wani rumfa, inda ruwan sama ba ya duka sosai, shi ya sa launin ya kawo yau.

Mutanen gari sun daɗe da sanin wuraren, amma labarinsu ya shiga littattafai ne a tsakiyar shekarun 1950, ta hannun Bernard Fagg, Baturen Ingila da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Kusa da zanen ya tarar da duwatsun kiɗa, waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar kuge. Wurin bugun har ya lotsa, ya yi sumul.

Ja ne launin da ya fi yawa, akwai kuma fari. Wata saniyar layin jikinta kawai aka ja, wata kuwa an cike ta da launi. Abin da zai tsayar da makiyayi shi ne gadon bayansu: ba tozo. Bunaji da rahaji da ake kiwo a yankin yau duk masu tozo ne, marasa tozo sai can kudu, kamar muturu, ko kuri na Tafkin Chadi. Ke nan zanen shaida ne na garken da ya riga na yanzu zuwa ƙasar. Ƙaho kuwa ya sha kulawa, kamar dai mai zanen da ƙaho yake gane dabbarsa.

Ba itace, ba rafi, ba sararin sama a bayan dabbobin.  Hotunan kuwa guda ɗaya ne tak kowannensu, sai mutum ya taka ya je.

Akwai irinsu a Shira, gaba da Gwaram, cikin Jihar Bauchi, da kuma Geji. Na Birnin Kudu suna cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya.