Asali da kwafi: daga marubutan Wandala zuwa masu ɗora shafi

Mora ta san wahalar ajiye rubutu ɗaya a wuri biyu tun ba a yi mafarkin intanet ba. Sarakunan Wandala sun karɓi Musulunci a ƙarni na 18, daga baya fada ta taso daga Doulo ta zauna nan gindin dutse, inda Baturen matafiyi Denham ya tarar da ita a 1823. Duk inda aka sami fada da malamai kuwa, ba a rasa masu kwafar littattafai. Ƙa'idar sana'ar sananniya ce daga Barno har ƙasar Hausa: in an gama kwafa, wani ya riƙe asali yana karantawa a fili, wani yana bin sabon da ido. Kalmar da aka tsallake sai a rubuta ta a gefen shafi, a sa alamar gyara. Ba mai sake littafi sukutum don baƙi ɗaya ya faɗi.

Mu da muke ɗora shafukan intanet mun daɗe ba mu kai su dabara ba. FTP, hanyar da aka tsara tun 1971, ita na fara koya: ka gyara fayil a kwamfutarka, ka tura shi ɗungurungum zuwa sabar da ke wata ƙasa. A Mora wannan caca ce. Ana tsakar turawa rezo ya yanke ko a ɗauke wuta, rabin hoto ya isa, rabi ya maƙale. Washegari ka rasa wanne ne sabo, na hannunka ko na can.

A 1996 Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar da manhajar rsync a Ostareliya. A wannan tsarin sabar takan yanka fayil ɗinta gunduwa-gunduwa, ta aiko da taƙaitaccen lissafin kowane yanki. Kwamfutarka ta gwada da nata, ta tura wurin da ya saɓa kawai. In layi ya katse ka sake kunnawa, fayilolin da suka riga suka isa ba a maimaita su. Mai sayen data da kuɗin cefane ya san darajar wannan.

Sai dai na'ura ba ta san asali ba, wanda ka nuna mata shi take bi. Ka juya umarnin, tsoho ya danne sabo. Ka ce ta share abin da babu a wajenka, ta share ba tambaya. Shi ya sa ba na yarda yarana su yi gyara kai tsaye a kan sabar, komai gaggawar mai shafi. Asali a gida yake zama, na can kwafi ne. A Maris na 2021 gobara ta cinye wani ɗakin sabar na kamfanin OVH a Strasbourg, shafuka masu ɗimbin yawa suka ɗauke. Masu asali a hannu suka sake ɗorawa a wani wuri. Waɗanda ajiyarsu duka ke cikin ginin suka koma rubutu daga farko.