Kwamfutar Dala 35 da Ta Zama Rumbun Tsofaffin Wasanni

Da sassafen ranar 29 ga Fabrairun 2012, shafukan intanet na wasu manyan dillalan kayan lantarki biyu a Birtaniya, RS Components da Premier Farnell, suka tsaya cak saboda cunkoson masu saye. Abin da ake wa wannan rububi kuwa ba shi da wani kwarjini a ido. Ɗan falle ne kore mai girman katin cirar kuɗi, ba akwati, ba allon kallo, ba madannai. Sunansa Raspberry Pi, kuɗinsa dala 35. Guda 10,000 masu shi suka sa aka ƙera a zubin farko. Zuwa shekarar 2024 an sayar da fiye da miliyan 60.

An ƙera wannan na'ura ne domin yara su koyi rubuta manhaja. Sai ga shi ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi fito da sunanta shi ne yadda manya, iyayen yaran, suke mayar da ita akwatin buga wasannin bidiyo na shekarun 1980 da 1990. A ganin farko sai a ce an kauce wa manufa. Amma wanda ya bi salsalar na'urar zai tarar cewa daga wasannin nan ta fito tun asali, kuma komawarta gare su ta ɗora mata wani nauyi da ba wanda ya tsara mata, wato adana tarihin da masu shi suka yi watsi da shi.

Labarin ya faro ne a 1981, lokacin da tashar BBC ke tsara wani shirin wayar da kan jama'a game da kwamfuta, ta kuma ba wani ƙaramin kamfani na garin Kambirij mai suna Acorn kwangilar ƙera na'urar da za a riƙa koyarwa da ita. Aka sa mata suna BBC Micro, ta fito iri biyu, samfurin A da samfurin B. An sayar da kimanin miliyan ɗaya da rabi, kuma ta shiga akasarin makarantun Birtaniya. A gidaje kuma akwai ZX Spectrum ta kamfanin Sinclair da Commodore 64, dukansu na 1982. Abin da ya haɗa waɗannan na'urori shi ne, da zarar an kunna su, sai su tsaya suna jiran a rubuta musu umarni da harshen BASIC. Mujallu kan buga manhajar wasa layi bayan layi, yaro ya zauna ya kwafe ta da hannunsa. Idan ya yi kuskuren harafi ɗaya wasa ba zai tashi ba, dole ya koma ya nemo inda gizo ke saƙar. Da haka dubban yara suka iya rubuta manhaja, alhali wasa suka zo nema.

Daga cikin waɗannan matasa akwai ɗaliban Jami'ar Kambirij biyu, David Braben da Ian Bell, waɗanda a 1984 suka fitar da wasan Elite a kan BBC Micro. Sun cusa duniyoyi 2,048 cikin na'urar da ma'adanarta ba ta wuce kilobait 32 ba, ta hanyar sa lissafi ya riƙa samar da kowace duniya a lokacin da ake bukatarta, maimakon a ajiye ta. A daidai wannan lokaci injiniyoyin Acorn biyu, Sophie Wilson da Steve Furber, suna zana sabuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta mai sauƙin tsari da ƙarancin cin wuta. Ta fara aiki a Afrilun 1985 da sunan ARM. Zuriyarta ce ke cikin kusan kowace wayar hannu a yau.

Bayan shekara ashirin al'amura sun sauya. Kwamfutar gida ta zama kaya mai tsada wanda iyaye ba sa yarda yaro ya kwance, na'urorin wasa irin su PlayStation kuwa galibi a rufe suke, ba wata ƙofa mai sauƙi da mai su zai rubuta musu wani abu. Wajajen 2006, Eben Upton, wanda ke kula da ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Kwalejin St John's ta Kambirij, ya lura cewa masu neman shiga fannin sun ragu, waɗanda ke zuwa kuma ba su da gogewar na baya. Shi da abokan aikinsa, Rob Mullins da Alan Mycroft da Jack Lang, tare da injiniya Pete Lomas da shi Braben mai Elite, suka kafa gidauniyar Raspberry Pi, wadda aka yi wa rajista a 2009. Burinsu na'ura ce mai arahar da ko yaro ya lalata ta ba za a yi kuka ba. Sunan ma tuna baya ne: kamfanonin kwamfuta na da sun saba ɗaukar sunan 'ya'yan itace, kamar Apple da Apricot da Tangerine, kalmar Pi kuma ishara ce ga harshen Python. Har samfurin A da samfurin B suka gada daga BBC Micro.

Lokacin Upton ya koma aiki da kamfanin Broadcom, a can kuma aka samo ƙwaƙwalwar da aka ɗora na'urar a kanta, BCM2835. Wannan guntu an tsara shi ne domin kayan nuna bidiyo. Sashensa na ARM mai gudun megahaz 700 ba shi da wani ƙarfi, amma sashen sarrafa hoto ya fi ƙarfin farashinsa. Ga kafar HDMI ta sabuwar talabijin, ga kafar tsohuwar talabijin, ga kuma jerin ƙusoshi 26 da ake iya jona wa kowace irin waya, waɗanda suka zama 40 a 2014. Duk wanda ya san harkar wasanni ya kalli wannan haɗi, ya ga abin da ya daɗe yana nema.

Abin da ya sa haka shi ne wata fasaha da ta riga na'urar zuwa, wato manhajar kwaikwayo. Aikinta shi ne ta sa sabuwar kwamfuta ta riƙa yin abin da tsohuwar na'ura take yi, umarni bayan umarni, har wasan da aka kwafo daga tsohon kaset ya gudana kamar yana gidansa. A 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara MAME, mai kwaikwayon manyan akwatunan wasa na jefa kwabo, kuma tun farko manufar aikin ita ce adana yadda na'urorin suke aiki. Sai dai kafin 2012 mai son wannan galibi sai ya zauna gaban kwamfutar tebur. Cikin shekarar da Raspberry Pi ta fito aka fara aikin RetroPie, wanda ya tattara manhajojin kwaikwayo da yawa a kan katin ajiya guda, daga baya Recalbox da Lakka suka bi sahu. Mutane suka shiga sassaƙa akwatunan katako, suna cusa fallen cikin ƙwaryar tsohuwar Game Boy, musamman bayan fitowar Pi Zero mai dala 5 a Nuwamban 2015.

A nan ne manufar gidauniyar ta cika ta bayan gida. Mai son ya sake buga Super Mario Bros. ko Sonic dole ya koyi ɗora Linux a kan kati, ya gyara fayilolin saiti, ya gane abin da ke sa hoto jinkiri bayan an danna maɓalli, wani lokaci ma ya ɗauki dalma ya liƙa waya a ƙusa. Abin da ya faru da yaran 1982 shi ne ya maimaita kansa: kwaɗayin wasa ya ja mutum, ya fita da sana'a.

Kamfanoni ba su yi barci ba. A Nuwamban 2016 Nintendo ya fitar da NES Classic, ƙaramin kwafin na'urarsa ta shekarun 1980, da wasanni 30 a kan dala 60. Waɗannan wasanni ne da mutane da yawa a Najeriya suka fara sani ta hanyar na'urorin kwaikwayo masu araha da kaset mai alƙawarin dubban wasanni. Da aka buɗe cikin NES Classic, sai aka tarar da ƙwaƙwalwar ARM da Linux da manhajar kwaikwayo, tsarin da masu sha'awa suka riga suka saba da shi. Kayan ya yi ƙaranci a kasuwa, aka dakatar da shi a Afrilun 2017 bayan an sayar da miliyan 2.3, waɗanda suka rasa kuwa da yawansu suka koma ga Raspberry Pi.

Inda takaddama take shi ne wajen doka. A shekarar 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Sony da Connectix cewa nazarin na'ura domin ƙera mai kwaikwayonta bai saɓa wa haƙƙin mallaka ba. Amma wasannin kansu dukiyar masu su ce, shi ya sa RetroPie ba ya zuwa da ko ɗaya daga cikinsu. A 2018 Nintendo ya maka masu shafukan LoveROMs da LoveRETRO a kotu, aka ƙare da hukuncin biyan fiye da dala miliyan 12, shafin EmuParadise kuma ya sauke wasanninsa da kansa. Hujjar kamfanonin a fili take: kayansu ne, kuma suna da ikon sake sayar da shi. Sai dai wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a sayar da su a ko'ina yanzu. A Oktoban 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi amincewa ɗakunan karatu su riƙa ba masu bincike damar buga irin waɗannan wasanni daga nesa. Ga mafi yawan wasannin, ke nan, ba wurin saye, ba wurin aro, kaset da faifan da suke kai kuma suna lalacewa.

Birtaniya ta riga ta ɗanɗana irin wannan asara. A 1986 BBC ta tattara hotuna da taswirori da rubuce-rubucen ɗaliban makarantu a kan faifan LaserDisc, domin cikar shekara 900 da rubuta kundin Domesday na 1086. Na'urar Acorn ce ke karanta faifan. Kafin a yi shekara ashirin, na'urorin da za su iya buɗe shi sun kusa ƙarewa, alhali kundin fata na ƙarni na 11 yana nan ana karanta shi. Sai a 2002 masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka ceto aikin, kuma da manhajar kwaikwayo suka yi hakan. Darasin shi ne, kayan dijital ba ya rayuwa don an kulle shi a sito. Yana rayuwa ne muddin akwai mutanen da ke ɗauke shi daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa.

Ita kanta Raspberry Pi ta yi nisa da mafarinta. Tun 2012 ake ƙera ta a masana'antar Sony da ke Pencoed a yankin Wales. Lokacin ƙarancin kayan lantarki na 2021 da 2022 an fifita masana'antu wajen rabon ɗan abin da ke akwai, masu sha'awa suka yi ta guna-guni. Da kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan a Yunin 2024, fiye da kashi biyu cikin uku na kayansa masana'antu ne ke saye. Duk da haka, a kan teburin mai sha'awa, fallen yana iya kwaikwayon BBC Micro ya buɗe Elite, wasan ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidauniyar, a kan ƙwaƙwalwar da asalinta daga Acorn ta fito. Kamfanin Acorn ya watse tun ƙarshen shekarun 1990, wasan kuwa har yanzu ana buga shi.