Nieve da nevar: inda murya ta sauka, nan wasali ke rabewa

Ɗalibin Sifaniyanci kan yi tuntuɓe da kalmomin dusar ƙanƙara. Sunan shi ne nieve, aikatau kuwa nevar. Daga nan sai ya ɗauka cewa ie na suna ne, e na aikatau, har ma wasu malamai na koyar da shi haka don sauƙi. A ganina wannan sauƙin yana ɓatar da ɗalibi, domin da zarar mutumin Madrid ya leƙa taga ya ce nieva, wato dusa na zuba, ƙa'idar ta rushe: aikatau ne, ga kuma ie a cikinsa.

Abin da ke hukunci shi ne gaɓar da ake dannawa da murya. Idan nauyin ya faɗa kan saiwar kalma, wasalin e ya kan rabu ya zama tagwai: NIE-ve, NIE-va. Idan ya koma ɗafa-ƙeya, wasalin ya tsaya yadda yake: ne-VAR, ne-VÓ, ne-VA-ba. Sunaye ma haka suke, shi ya sa ake da nevada, zubar dusa ko abin da dusa ta rufe, wadda ta ba tsaunukan Sierra Nevada na Giranada da jihar Nevada ta Amurka sunansu, da nevera, firij a bakin mutanen Sifaniya. Gado ne daga Latin, inda gajeren e mai ɗauke da nauyi ya rikiɗe zuwa ie a Sifaniyanci. Haka tierra take kusa da terreno, pienso kusa da pensar. Fotugis bai bi wannan hanya ba, neve da neva yake cewa. Masu Sifaniyanci da ke faɗin neva suna daidaita aikatau da siffarsa ta asali ne, amma hukumar harshen da aka kafa a Madrid a 1713 ba ta karɓe shi ba.

Wurin da ya fi jan hankalina shi ne inda siffofin biyu suka haɗe. A yanayin fata ko buri, aikatau kan zama nieve, harafi da harafi kamar sunan. Manomin da ke jiran ruwan tsauni ya ce ojalá nieve, Allah sa dusa ta zubo (ojalá ɗin kanta daga Larabcin Andalus ta fito). A nan kunne ba ya raba su, jimla ce ke rabawa: suna na tafiya da la a gabansa, la nieve, aikatau kuma na bin que ko ojalá, ba tare da wani mai aikatawa ba.