Tsinkewar jijiyar gwiwa a wasan ƙwallon ƙafa

Jijiyoyi huɗu ne ke ɗaure ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri a gwiwarka: biyu a gefe da gefe, biyu kuma sun gitta juna a ciki. Ta gaba daga cikin masu gittawar, wadda likitoci ke kira ACL, ita ce ke hana ƙwauri zamewa gaba, kuma ita ce 'yan ƙwallo suka fi tsoron tsinkewarta.

Mutane da yawa na zaton sai an yi maka ƙeta take tsinkewa. Hakan na faruwa, kamar yadda ya samu Virgil van Dijk na Liverpool a Oktoban 2020, wanda bai sake buga wasan gasa ba sai a kakar da ta biyo baya. Amma mafi yawan lokuta ba wanda ya taɓa ɗan wasan. Ƙafa ce ke kafewa a ƙasa jiki ya juya, ko a tsaya kwatsam ana tsakar gudu, ko a dira daga tsalle da gwiwa a miƙe ta karkata ciki. Gajiya, raunin naman bayan cinya da na ƙugu, da takalmi mai dogayen ƙusoshi a busasshen fili duk suna ƙara haɗarin. Mata 'yan ƙwallo sun fi maza fuskantarsa.

Wannan ne ya sa rigakafin yake hannunka. Tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+ yana ɗaukar kimanin minti 20, ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, kuma ana son a yi shi aƙalla sau 2 a mako. Yana ƙarfafa cinya da ƙugu, yana koya maka tsayuwa da ƙafa ɗaya da dira da gwiwa a lanƙwashe, tana saitin yatsun ƙafa. Zagaye fili sau biyu kafin wasa bai wadatar ba.

Idan ka ji ƙara "ɗas" a gwiwa, ta kumbura cikin 'yan sa'o'i, ko ta riƙa sulluɓe maka, ka bar wasa nan take. Ka ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, ka ɗaga ƙafar, ka je asibiti. Kada ka bari a ja ta ko a murza da sunan gyaran targaɗe. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, sai gwajin likita da hoton MRI.

Ba kowa ke buƙatar tiyata ba. Wanda aka yi wa kuwa, yakan ɗauki wata 9 zuwa 12 yana atisayen gashi kafin ya koma fili, kuma gaggawar komawa na iya sake tsinka ta.