Wankin gwiwa da gwajin Houston

A Fagge, dattijon da ciwon gwiwa ya hana shi durƙusawa yakan fara da wanzami, a yi masa ƙaho a zuƙe "mataccen jini". In abin ya ƙi, sai ya tsallaka Sabon Gari ya sayo ƙwayar rage zafi. Likitocin Amurka ma sun daɗe bisa tunanin wanzamin, wato ciwon dauɗa ce da ake iya fitarwa.

A 1934 Michael Burman na New York ya ruwaito cewa masu amosanin gwiwa sukan ji sauƙi idan aka leƙa gaɓar da na'ura aka ɗauraye ta da ruwa. Aikin ya yaɗu, aka shekara da shekaru ba a gwada shi yadda ya kamata ba.

Sai a 2002 Bruce Moseley ya wallafa gwajin da ya yi a Houston kan majinyata 180. Wasu an wanke musu gaɓar, wasu an haɗa musu da kankarar guringuntsi, sauran kuwa fata kawai aka tsaga aka ɗinke, ba tare da sun sani ba. Shekara biyu ana bibiyarsu, waɗanda aka wanke wa ba su fi na tiyatar bogi samun sauƙi ba. Dama guringuntsin ne ya zaizaye, kuma ruwa ba ya mayar da shi. Nazarin Cochrane na 2010 ma bai gano wa wankin wani amfani ba.