Adon Bango da Daɓe a Birnin Gwari: Tarihinsa Kafin Zuwan Tayil

Tayil na hannu, wato ɗan fallen yumɓu da ake gasawa a yi masa zane a manna a bango, baƙo ne a ƙasar Hausa. Inda ya yi kaka-gida su ne birane irin Fas ta Maroko, da Iznik ta Turkiyya wadda ta yi tashe a ƙarni na 16. A Birnin Gwari da sauran yammacin Zazzau, magina da matan gida da wasu kaya suka biya wannan bukata: makuba, tsakuwa, tasa da kwano.

Daji ne ya fara ba da kayan aikin. Daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samun makuba, a jiƙa shi a yayyafa wa daɓe ko a shafe bango da ruwansa, ƙasa ta yi tauri ta yi duhu mai sheƙi. Giginya kuma ita ke ba da azara. Daɓe aikin mata ne na gayya, da maɗabi a hannu ana waƙa, wani lokaci a bi shi da tsakuwa. Wani yanki na wannan daji shi ne aka keɓe a 1936, ya zama gandun dajin ƙasa na Kamuku a 1999.

Sunan da ya fi ɗaure Birnin Gwari da tarihin gini shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846. Labarin baka ya ce daga baya an gayyace shi Birnin Gwari ya gina masallaci, da ya gama sai sarki ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani gari wanda ya fi shi. Labari ne mai ɗaci, amma ya nuna irin kishin da sarakuna ke yi a kan aikin magini ɗaya. A irin ginin da gidansa ya gada, inda bakan gizo suka haɗu a tsakiyar tulluwa akan kafa tasa, daga baya kuma farantin fenti. Wannan faranti shi ne mafi kusa da tayil ɗin ado a ginin Hausa: abu ɗaya mai ƙyalli, an zaɓe shi, an ɗora shi inda ido zai fara sauka.

Tara tasa da kwano kuwa mata ne suka riƙe shi. Jeren ɗakin amarya ya fara da ƙwarya da faifai, ya koma tasoshin tagulla irin na Bida, sannan a ƙarni na 20 kwanonin fenti na Turai da Hong Kong suka mamaye kasuwa, kafin a soma ƙera su a Legas da Kano. Uwa kan shafe shekaru tana saye ɗaya-ɗaya tana adanawa. Jere ado ne, kuma ajiya ce, domin ranar matsi akan cire ɗaya a sayar. Duk wanda ya ɗauke shi almubazzaranci bai fahimci lissafin matan ba.

Ta fannin yumɓu, Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, su ne gwanaye. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tukwanen ɗaya daga cikinsu, Ladi Kwali, a gidansa, a can Bature Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Cardew ya kafa a Abuja, Suleja ta yau, ta ɗora zanen kada da ƙadangare da kifi a kan yumɓu mai sheƙi. Ta rasu a 1984, hotonta na bayan takardar naira 20.

Siminti da kwanon rufi sun ture makuba, kabet ta karɓi jere daga bango, yanzu kuma tayil ɗin masana'anta ake saye kwali-kwali, na China ko na gida, kowane falle tamkar ɗan'uwansa. Rashin tsaron da ya addabi dajin Birnin Gwari ya tarwatsa ƙauyuka da dama, gidan ƙasa kuwa ba ya jure damina idan babu mai yaɓe. Mai neman tsohuwar tasa sai ya nufi 'yan koli na Kasuwar Kurmi a Kano. Mai son ganin fasalin aikin Babban Gwani kuma akwai kwafin masallacin Zariya a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, wanda masanin gini ɗan Poland, Zbigniew Dmochowski, ya assasa.