Daga Zuga-zugi Zuwa Sandar Walda: Tarihin Haɗa Ƙarfe a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori zuwa Malumfashi gab da faɗuwar damina, zai ga garemanin shanu jingine a bakin rumfunan masu walda, masu su na zaune suna jira. Manomin da garmarsa ta karye a lokacin huɗa, kwana biyu na jiran gyara suna iya rage masa amfanin shekara guda. Maƙasudin wannan takarda shi ne ta bi diddigin yadda walda ta wutar lantarki ta zo wannan yanki, ta kuma nuna cewa daga cikin ci gaban da aka samu a duniya game da injunan walda da sandunanta, abin da ya zauna a nan shi ne wanda ya dace da ƙarancin wuta da ƙarancin jari, kuma giɓin da ya rage yana wajen sanda da sanin halin ƙarfe.

2.0 Kafin Zuwan Walda

Haɗa ƙarfe da ƙarfe ba baƙon abu ba ne ga maƙeran baƙi na ƙasar Hausa. Maƙeri yakan sa guntaye biyu cikin garwashin gawayi, yaro na zuga, har su yi fari fat, sa'an nan ya ɗauko su da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera, a bi su da masaba har su zama ɗaya. Wannan hanya ta wadatar muddin kayan aikin gona su ne fartanya da galma da gatari da lauje, watau abubuwan da awartaki zai iya ɗauka.

Auduga ce ta kawo ƙarfen da ya fi ƙarfin wutar maƙera. A 1912 aka shigo da irin audugar Allen ɗan asalin Amurka, a cikin shekarun 1920 aka kafa gonar iri a Daudawa, kamfanin BCGA kuma ya gina injunan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Daga 1928 kuma ma'aikatar gona ta fara koya wa manoma huɗa da shanu, baitulmalin En'e yana ba su rancen bijimai da garma. Garmar da ta fi yaɗuwa, wadda ake kira Emcot, ƙirar masana'anta ce, kuma ƙashin bayanta ya yi kaurin da maƙeri ba ya iya haɗa shi in ya karye. Ashe ke nan bukatar walda ta riga mai walda zuwa.

3.0 Ci Gaban Walda a Duniya

Kafin mu ga yadda aka biya wannan bukata, ya kamata mu dubi abin da ke faruwa a ƙasashen masana'antu. Asalin walda shi ne, in aka kusantar da bakin sanda mai ɗauke da lantarki zuwa jikin ƙarfe, wuta takan yi tsalle tsakaninsu, zafinta ya wuce digiri 3,000, alhali kuwa baƙin ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500. Nikolai Benardos, mutumin Rasha, ya yi amfani da sandar gawayi a cikin shekarun 1880. A 1888 Nikolai Slavyanov ya musanya ta da sandar ƙarfe wadda ke narkewa ta cike mahaɗa. Amma haɗin da tsurar sanda ke yi yana da gautsi, domin iska na shiga narkakken ƙarfen.

Wanda ya magance wannan shi ne Oscar Kjellberg na ƙasar Suwidin, wanda ya kafa kamfanin ESAB a 1904, ya kuma fito da sanda mai riga. Rigar nan in ta ƙone takan ba da hayaƙin da ke kore iska, ta kuma bar ɓawo a kan ɗinkin, irin abin da muke kira kashin maƙera, wanda ake kankarewa bayan ya huce. A 1920 aka saki jirgin ruwa mai suna Fullagar a Ingila, wanda aka haɗa jikinsa duka da walda, ba ƙusa. Daga nan sai dabaru suka yi ta fitowa: a 1941 waldar TIG, wadda ke kāre mahaɗa da iskar gas daga tulu, a 1948 waldar MIG, wadda ke turo waya daga naɗi ba tsayawa, a 1977 kuma kamfanin Kemppi na ƙasar Finlan ya nuna injin inbata, wanda ke ƙara saurin kaɗawar lantarki daga sau 50 a daƙiƙa zuwa dubbai, abin da ya sa injin da dā sai an turo shi a kura ya koma na ratayawa a kafaɗa.

4.0 Yadda Walda ta Zauna a Yankin

Abubuwa uku suka haɗu suka fitar da walda daga cikin shingen ma'aikatu zuwa bakin titi. Na farko shi ne wuta: an gama madatsar Kainji a 1968, an kafa hukumar NEPA a 1972, lantarki ya fara isa garuruwan da dā ba su da shi. Na biyu shi ne Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya shafi gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, ya gina hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da taki da kayan noma, masara kuma ta zama amfanin sayarwa. Masara kuwa tana tafe da injin sussuka da injin niƙa da amalanken shanu, kuma kowanensu ƙarfe ne mai karyewa.

Na uku shi ne matsin tattalin arziki. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, aka kuma rushe hukumar cinikin auduga a wannan shekara. Kayan gyara na ƙasashen waje suka gagari manomi. A nan ne mai walda ya tashi daga mai gyara ya zama mai ƙera sabo: garma, da amalanke bisa gindin tsohuwar mota, da injin sussuka, da ƙofofi da tagogi. Hatta injin waldar kansa, da yawa a gida ake naɗa shi, a sami ƙarfen tsohuwar taransifoma a naɗa masa waya, ya rage ƙarfin turin wuta ya ƙara yawan gudunta. Daga baya, da wutar gwamnati ta zama ba tabbas, sai janareto ya shigo, sa'an nan ƙananan injunan inbata na ƙasar Sin, waɗanda ba sa cin wuta da yawa. Waldar MIG da TIG kuwa ba su yaɗu a rumfunan bakin hanya ba, domin suna bukatar tulun gas da tsayayyiyar wuta da wurin da iska ba ta kaɗawa.

5.0 Matsalar Sanda

Sandar da ta mamaye kasuwa ita ce mai lamba E6013, wadda ake saye da sunan geji 12 ko geji 10, watau kaurin milimita 2.5 da 3.2. Lambar nan tana da ma'ana: 60 na nufin ɗinkin zai jure jan fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i, 1 na nufin ana iya aiki da ita a kwance ko a tsaye ko sama da kai, 3 kuma na nuna irin rigarta. Tana da sauƙin kamawa, tana aiki da ƙaramar wuta, ta kuma dace da ƙarfe mai taushi irin na ƙofa.

Amma ba duk ƙarfen gona ne mai taushi ba. Bakin garma, wanda akan yanko daga sifirin mota, ƙarfe ne mai tauri. In aka ɗinke shi da E6013 yana sanyi, ya kuma huce da sauri, gefen ɗinkin yakan yi gautsi ya tsage, wani lokaci bayan manomi ya koma gona. Abin da ya dace da shi shi ne sanda irin E7018, wadda dole a ajiye ta a busasshen wuri, a kuma ɗumama ƙarfen kafin ɗinki. Akwai kuma sandunan da ake shimfiɗa wa bakin garma don ya daɗe bai cinye ba, da masu sinadarin nikel don zubabben ƙarfe irin na jikin injin niƙa. Duk waɗannan sun daɗe a duniya, amma tsada da rashin horo sun sa ba kasafai ake ganinsu a rumfa ba. Haka nan hular da gilashinta ke yin duhu da kansa ta fito tun 1981, amma har yau ana ganin yara masu koyo suna kāre ido da baƙin tabarau na kasuwa, su kwana suna hawaye.

Daɗin daɗawa, ƙarfen kansa ba a wadace yake ba. Masana'antar murza ƙarfe ta Katsina, wadda aka buɗe a 1982, rodin gini da waya aka yi ta don su, Ajakuta kuwa ba ta kai ga narka tama ba. Saboda haka mai walda yakan yi aiki da tsohon ƙarfen da bai san asalinsa ba.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa garmar shanu da masara su ne suka raini walda a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, kuma wuta da jari su ne suka tace abin da ya iso. Satar shanun da ta addabi Faskari da Ƙanƙara da maƙwabtansu tun daga shekarun 2010 ta taɓa wannan sana'a ita ma, domin wanda aka kore wa bijimai ba ya kawo garma gyara. Shawarar da wannan takarda ke bayarwa ita ce, makarantun koyon sana'a da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru su rubuta bayanin sanduna da lambobinsu da Hausa, su kuma haɗa mai walda da maƙeri a aji ɗaya. Dalili kuwa shi ne, ɗumama ƙarfe kafin aiki, da gane zafinsa daga launinsa, da binne shi cikin toka ya huce sannu a hankali, waɗanda littattafan walda ke umurni da su, abubuwa ne da maƙeri ya gada tun kaka da kakanni, kuma sau da yawa rumfarsa tana kasuwa ɗaya da ta mai walda.